Dalilin da Ya Sa Iska Ba Ta Barin 'Yar Wutar Hita

Dalilin da ya sa Iska ba ta barin 'yar wutar nan ta cikin hita ta zauna lafiya, shi zan gaya muku yanzu, tunda dai zaman jira ya kama mu. Na rufe makunnin gas, kuma babu mai ƙyasta ashana a gidan nan sai warin ya fita sarai. Ku zauna nan kan tabarma. Kai Sallau, daina ɓata mini rai, ai kai ka jawo mana. Wa ya aike ka ka cire kaskon da aka kifa wa wutar, wai don ka zuba wa tantabarunka ruwa? Ga shi nan Iska ta leƙa ta hure ta, yau kowa zai tafi makaranta da ƙafa fururu. Wai kai ne mijin nawa, ko wanka da ruwan sanyi ba ka iyawa. Ke Jummai, matsa wa Delu ta zauna.

Da can Iska ba ta kashe wuta. Kuna mamaki ko? To, haka abin yake. Mace takan ajiye fitilar aci-balbal a tsakar gida ta shiga ɗaki, ta dawo ta tarar da ita tana ci, ko da kuwa ana kaɗawar da take karya reshe. Akwai amana tsakanin Iska da wuta. Kun san Iska ba ta da jiki, ba wanda yake ganinta. To, hayaƙi shi ne suturarta. Da safe in mata sun hura murhu, sai ta bi gida-gida tana karɓar hayaƙi tana ɗaurawa, ta zaga gari da shi kowa ya ga wucewarta. Ita kuma ladan da take biya shi ne ta riƙa busa wa wutar numfashi a hankali don ta ci da kyau. Kowace wuta tana ba da nata, tun daga ta maƙeri har ta mai tuyar ƙosai, babu wadda take hanawa.

A lokacin akwai wata maginiyar tukwane, sunanta Ladidi, a wani ƙauye da ake kira Tudun Gwaska, can kan duwatsu a ƙasar haƙar kuza, inda sanyi yake shiga har cikin ƙashi. Duk garin babu mai ba Iska hayaƙi kamar Ladidi. Ranar da za ta gasa tukwane, takan tara ciyawa da kara himili guda, in ta cinna wuta sai ta ɗaga kai ta ce, “Ga naki nan.” Ranar Iska sai ta yi ado kamar mai zuwa biki. Saboda haka sun san juna, ko da yake magana ba ta taɓa haɗa su ba.

Mijin Ladidi ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya uku: Tabawa ce ta fari, sai Barau, sai auta Azumi. Tabawa ta yi aure, ta zo gida haihuwa da damina, sai marka ta sauko, wato ruwan nan da yake kwana da kwanaki yana zuba ba ya ɗaukewa. Itace ya jiƙe sharkaf, aka rasa abin da za a dafa mata ruwan wankan jego. Kwana uku ba ta ga ruwan zafi ba. Zazzaɓi ya kama ta, a kwana na biyar ta cika, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. Ko sanyin ne, ko kwana ne ya ƙare, Allah ne masani. Amma Ladidi a ranta ta ɗora wa kanta laifin.

Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A da, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka haifi Tabawa, Ladidi ba ta taɓa furta sunanta ba, sai dai ta ce “yarinyar nan”. Da ta rasu ma, mata suna ta kuka, ita tana zaune tana gyaɗa kai tana amsa gaisuwa da busasshen ido, aka yi ta yabon haƙurinta. Abin da ba wanda ya sani shi ne ta ɗauke zanen saƙin da Tabawa ta fi so, ta ninke shi ta sa a wata tukunya, ta liƙe bakin da yumɓu, ta tura ƙarƙashin gado. Shekara tara yana nan, ko Azumi da take share ɗakin ba ta san abin da ke ciki ba.

To, sai ga Azumi ita ma ta yi aure, ta samu ciki, aka kawo ta gida goyon ciki, kuma lissafi ya nuna da damina za ta sauka. Tun daga ranar Ladidi ta daina cin abinci da daɗi. Kullum tana duban sama, tana tara itace a ƙarƙashin rumfa, tana sake dubawa. Barau ya lura. Shi aikin gyaran famfo yake yi a gidajen Turawan kuza, can ƙetaren rafi. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ya yar da tsohuwar hita mai aiki da gas, Barau ya tsince ta ya gyara, ya ɗoro ta a jaki tare da tukunyar gas, ya hawo da ita Tudun Gwaska. Ya kafa ta a jikin bangon makewayi, ya yi mata 'yar rumfar kwano, ya ɗora duro a sama yana tarar ruwan sama.

Gari ya taru kallo. Barau ya ƙyasta ashana ya kunna wata 'yar wuta shuɗiya a cikin akwatin ƙarfen, tsawonta bai kai ɗan yatsan Delu ba. Ya nuna wa uwarsa cewa wannan 'yar ƙaramar ita ce uwar aikin. Ita ba ta mutuwa, zaune take tana jira. In an murɗa famfo, sai ta cinna wa babbar wuta, ruwa ya fito da zafi. In ta mutu kuwa, ko za a wuni ana murɗawa, ruwan sanyi za a samu. Ya ja mata kunne sosai a kan abu guda.

“Inna, in kika ga ta mutu, ki fara rufe wannan makunnin. Ki jira sai warin ya fita, sannan ki ƙyasta ashana. In kika yi gaggawa, gidan nan gaba ɗaya zai tashi.”

Ladidi ta ce ta ji. Ya bar mata kwalin ashana guda, ya ce zai dawo ran kasuwa, ya gangara ya ƙetare rafi.

Bai dawo ran kasuwa ba, don kafin nan marka ta sauko, rafi ya kawo ya rufe hanya. Kuma washegarin saukarta Azumi ta haihu, saura wata guda lokacinta ya cika. Mace ta haifa, 'yar mitsitsiya, ana ɗaukarta da tafi biyu. Ungozoma ta yanke cibi, ta ce a kula da ɗumi, yarinyar nan ba ta da tsokar da za ta tare mata sanyi. Ruwa ya bi ta gefen rumfa ya jiƙa itacen da Ladidi ta tara, na maƙwabta ma haka. Murhu bayan murhu ya mutu, har garwashin da ake binnewa a toka aka rasa. Mutane suka koma jiƙa ƙanzo da gari. Amma gidan Ladidi akwai ruwan zafi. Safe da yamma tana yi wa Azumi wanka da ganye, tana cika kwalba da ruwan ɗumi ta naɗe a tsumma ta ajiye kusa da jaririya. Har ta fara cewa a ranta, wannan karon an tsira.

Ashe Iska tana can tana yawo ba sutura. Ta bi gida-gida, ba hayaƙi ko na magani. Ruwa yana dukanta, ga sanyi, ga kunya. Tana cikin zagayen nan ta hango 'yar wuta shuɗiya tana ci abinta a gidan ƙawarta. Ta yi murna, ta zo ta tsaya gefe tana jiran rabonta kamar yadda aka saba. Ta jira wuni guda, shiru. Ta jira na biyu, ko zare ɗaya na hayaƙi bai fito ba. Ku kun sani ai, wutar gas ba ta hayaƙi. Amma ita Iska ina ta taɓa ganin irinta? A ganinta rowa ce da raini. A rana ta uku ta sunkuya ta leƙa ta 'yar tagar akwatin, ta yi fuu sau ɗaya. Wannan ita ce wuta ta farko da Iska ta taɓa kashewa a duniya.

Ladidi ta zo ɗiban ruwan safe ta ji shi da sanyi. Ta rufe makunni, ta jira, ta ɗauko ashana. Nan ta ga wata sabuwar damuwa: danshi ya shiga kwalin. Ta ƙyasta ɗaya kan ya marmashe, ta biyu ma haka, sai a ta biyar wuta ta kama. Ta kwashe sauran ta cusa cikin kitsonta a ƙarƙashin ɗankwali don ɗumin kai ya busar da su. Kafin azahar wutar ta sake mutuwa. Ta kare ta da faifai, Iska ta zagayo ta bayansa. Ta ɗaura tabarma a jikin rumfar, Iska ta fizge ta ta jefa bayan katanga. A rana ta huɗu da kanta ta tsaya, ta juya wa Iska baya ta rungume akwatin, tun hantsi har azahar ruwa yana zuba a kanta, tsohuwa da ita. Da ta shiga ɗaki minti kaɗan don ta duba Azumi, ta fito ta tarar an hure. Ashana tana ta raguwa a cikin kitso, ita kuma tana ta lalubawa tana jin yadda suke ƙarewa.

Ranar kwana biyar da haihuwa, da safe, ta samu ta kunna, ya rage mata tsinke biyu. Kwana biyar fa, ranar da ta rasa Tabawa. Ta tsuguna gaban akwatin tana tunani. Sai ta ce wa kanta, wai ni Ladidi yau aka fara adana wuta? Tun kakanninmu, in ana so wuta ta kwana, rufe ta ake yi, a binne garwashi a toka, a kifa masa abu kada komai ya shiga. Ga ta kuma maginiya, yumɓu ba ya yanke mata. Ta kwaɓa shi da kyau, ta bi duk wata kafa da ke jikin akwatin ta toshe, ramukan ƙasa, da na gefe, har 'yar tagar da ake leƙawa, ta shafe lumui kamar bakin rumbu. Ta ja da baya ta duba aikinta, ta ce to, yanzu sai ki shiga in gani.

Kai Sallau, na ga kana dariya. Ai kai makaranta ta gaya maka wuta ba ta rayuwa sai da iska. Ita wa ya gaya mata? Abin da ta gada shi ta yi, kuma a kan garwashi bai taɓa ba ta kunya ba.

Da la'asar ta zo ta murɗa famfo, ta tara hannu. Ruwan kamar ƙanƙara. Ta sa dutse ta fasa yumɓun, ta leƙa, duhu. Hankalinta ya tashi har ta manta da komai, ta zaro tsinken ashana ta ɗora a jikin kwali. Allah ya sa Azumi ta rarrafo bakin ƙofa neman ruwa.

“Inna, tsaya. Ba ki jin wari? Yaya Barau ya ce a rufe tukuna.”

Ladidi ta dubi tsinken da ke hannunta, ta dubi 'yarta, ta janye hannunta. Gas ɗin tun safe yake taruwa a cikin akwatin da ta liƙe. Ta rufe makunni, ta kama Azumi ta mai da ita gado. Nan ne ta ji jikin yarinyar yana karkarwa, haƙora suna haɗuwa. Ta sa hannu cikin tsumma ta taɓa ƙafar jaririya, ta ji ta da sanyi. Kwalbar ɗumi ta huce tun tuni. Azumi ta ce tun azahar take ba ta nono ta ƙi kamawa, ko kuka ta daina. Ladidi ta tattara duk wani busasshen tsumma da ke ɗakin ta lulluɓe su, ta fita.

Jiran da ta yi kafin warin ya fita, ta ce bai fi a dafa shayi ba, amma ita ji ta yi kamar shekara. Da ya fita, ta buɗe makunni kaɗan, ta kare da hannu, ta ƙyasta. Wutar ta kama tsinken, tana miƙa shi, Iska ta bi ta ƙarƙashin hammatarta ta hure. Saura ɗaya.

Ladidi ta rufe makunni. Ta miƙe ta je tsakiyar gida cikin ruwa, ta ɗaga kai. Ita ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta yi. Ta ce wa Iska shekara talatin tana ba ta hayaƙi ba ta taɓa hana ta ba, yau kuma ita ce za ta saka mata da haka? Ta ce in wani laifi ta yi a gaya mata, a hukunta ta ita kaɗai, a bar mata yaran nan. Sai kwanon rumfar ya yi ƙara, ta ji murya tana fitowa ta tsakaninsa da bango, ba da ƙarfi ba.

“Kwana shida ke nan ba ni da abin ɗaurawa, Ladidi. Wuta ɗaya ce ta rage a garin nan, a gidanki take, tana ci ba dare ba rana, ba ta ba ni komai ba. Da na zo bin ba'asi kika toshe mini ƙofa da yumɓu kamar ɓarauniya. Ta yau ba ni na kashe ta ba, ke ce. Da numfashina take rayuwa.”

Ladidi ta gane gaskiya aka faɗa mata. Ta sassauta murya, ta yi bayani cewa wannan wutar baƙuwa ce, haka aka ƙera ta, ba ta da hayaƙin da za ta bayar, ba rowa ba ce. Iska ta ce ita wannan bai dame ta ba. Amana amana ce, duk gidan da wuta take ci, a ba ta abin da za ta rufe jikinta, in ba haka ba kowa ya zauna cikin sanyi kamar yadda take zaune.

Ladidi ta shiga neman abin ƙonawa. Itace a jiƙe, kara a jiƙe, tabarma tana bayan katanga cikin taɓo, ciyawar rufin ɗaki tana ɗiga. Zanen jikinta ana iya matse shi. Busassun tsummokaran da suka rage suna jikin maijego da jaririya, ba za ta taɓa su ba. Ta tsaya tsakar ɗaki tana juyawa, sai idonta ya sauka ƙarƙashin gado. Sannan ta durƙusa ta jawo tukunyar, ta sa gwiwar hannu ta fasa liƙin. Zanen yana nan a ninke, a bushe ƙayau, har da sauran ƙanshin turaren da ake sa masa.

Azumi ta ɗago kai daga gado, ta ƙura masa ido.

“Inna, wannan ba zanen Yaya ba ne?”

“Na Tabawa ne,” in ji Ladidi.

Daga baya Azumi ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba sai ranar. Ta ce ta so ta hana ta, amma ta ƙyale ta.

Ladidi ta ɗauki wani kasko daga cikin waɗanda ta gina, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki inda ruwa ba ya kaiwa, nesa da tukunyar gas. Ta yage ƙyalle siriri daga bakin zanen ta murɗe shi, sauran ta sa a kaskon. Ta laluba cikin kitsonta ta zaro tsinken ƙarshe. Ta ce wa Iska ashana ɗaya ce ta rage, kuma nata za ta fara kunnawa kafin na 'ya'yanta. In ta hure, to, ita ta rasa sutura, su kuma sun rasa rai, sai ta zaɓa.

Gidan ya yi tsit. Ganyen bishiya ya daina motsi, ruwan ma ya koma sauka a miƙe. Ladidi ta yi bisimilla ta ƙyasta. Bai kama ba. Ta duba, rabin kan ya goge. Ta juya ɗaya gefen, ta sake ƙyastawa. Ya yi ɗan tartsatsi, ya yi kamar zai mutu, sannan ya kama. Ta kai shi bakin zanen.

Saƙi ne na auduga zalla, ya ci a hankali, hayaƙi mai kauri ya tashi ya fita tsakar gida. Ladidi ta ce da idonta ta ga ya naɗe ya tsaya cak, tsayinsa daidai tsayin mace, ya yi jim a bakin ƙofa kamar mai sallama. A nan ne kukan da ta riƙe shekara tara ya ƙwace mata. Tana kuka tana kiran sunan, amma hannunta bai tsaya ba. Ta cinna murɗaɗɗen ƙyallen a kaskon, ta kare shi da tafi, ta ƙetare tsakar gida, ta buɗe makunni kaɗan, ta miƙa. 'Yar shuɗiyar ta yi fat, ta miƙe tsaye.

Ta murɗa famfo, babbar wuta ta kama, ruwa ya fara zuba a daro. Sai Iska ta ce, na yau ta samu, na gobe fa? Ladidi ta ce wallahi ba ta da wani zanen, abin da take da shi ke nan ta bayar. Suna cikin haka ruwan ya yi zafi, tururi ya turnuƙe daga daron, fari fat saboda sanyin gari. Iska ta matso ta shafa shi. Ba ta taɓa sa fari ba. Ta ce ba shi da kauri, kuma da gani ba zai yi ƙarko ba, amma in za a riƙa ba ta na farko duk lokacin da aka tara ruwa, za ta karɓa.

Saura maganar ƙofa. Iska ta ce a bar mata tagar a buɗe ta riƙa shiga tana ba wutar numfashi. Ladidi ta ce a'a, ta ga aikin hannunta, sai dai ta bar mata kafa kamar ta allura. Iska ta ce ta nan ko numfashin sauro ba zai wuce ba, wutar za ta sake shaƙewa. Suka yi ta ja, maijego tana ciki tana rawar ɗari, har suka tsaya a kan huda biyar, kowace daidai ɗan yatsa, a ƙasa-ƙasa, kada ko ɗaya ta kalli wutar kai tsaye. Ladidi ta zubar da tokar zanen a gindin bishiya, ta ɗauki kaskon nan da sauran ɗuminsa, ta sa ƙusa ta huda shi a hankali kusa da bakinsa, ta kifa a bakin tagar, ta ɗaure da waya. Ramukan ƙasan akwatin kuma ta ƙwaƙule yumɓun da ta cusa musu. Iska ta sa yatsunta ta gwada, wutar ta ɗan rausaya, ba ta mutu ba.

“Ta nan zan riƙa shiga da ladabi,” in ji Iska. “Amma duk ranar da na zo na tarar an cire, ko an hana ni tururina, zan shiga da ƙarfina. Ki gaya wa jikokinki.”

Ladidi ta juya ga famfo. Ta cika kwalba ta kai wa jaririya, ta yi wa Azumi wanka, ta dama mata kunun kanwa da ruwan famfon. Sannan ta zauna bakin gado ta riƙe 'yar ƙafar nan a tafinta tana jira. Rana tana gab da faɗuwa ƙafar ta fara ɗumi. Can sai jaririyar ta yamutsa fuska, ta buɗe baki ta tsala kuka, Azumi ta miƙa mata nono ta cafke. Ladidi ta ce duk waƙoƙin da ta ji a duniya babu wadda ta kai mata kukan nan daɗi.

Shi ya sa har yau Iska ba ta barin 'yar wutar hita ta huta. Tururi ba ya daɗewa a jikinta, kafin ta kai ƙarshen layi ya narke, sai ta dawo tana zagaya akwatin tana laluben ƙofa. In ta tarar da kariya mai 'yan huda, ta sa yatsa ta wuce. In an toshe duka, wutar ta shaƙe. In an bar ta a buɗe kuwa, kun dai ga abin da ya same mu yau. Daga nan ne ma ta koyi kashe fitila da kyandir, don wanda ya fara abu sau ɗaya, na biyu ba ya yi masa wuya. Shi ya sa kuma kuke ganin ina buɗe tagar banɗaki in na tara ruwa, ina cewa “ga naki nan”, kuna dariya kuna cewa tsufa ya taɓa ni.

Ran suna ruwa ya ɗauke, rafi ya janye, Barau ya hawo da gudu da sabon kwalin ashana a aljihu. Liman ya raɗa wa yarinya sunanta na yanka, amma ba wanda ya taɓa kiranta da shi. Saboda ruwan da aka haife ta a cikinsa, Marka kowa yake ce mata.

Ke Jummai, me kike kallona haka da baki buɗe? Eh, ni ce. Ƙafar nan da kuke cewa ta yi kaushi, ita Ladidi ta riƙe. Hita mun canza ta sau uku tun daga lokacin, amma kaskon bai canza ba, da shi aka kai ni ɗakin miji. Kai Sallau, baƙin nan na cikinsa da ka wuni jiya kana gogewa da toka, ba datti ba ne, kuma ba zai fita ba. Tashi ka zubar da ruwan tantabarun, ka ɗauko mini shi da hannu biyu. Delu, shinshina mini can. Ya fita? To, miƙo ashanar.